Kofuna Saba'in da Bakwai

Manaja ya ce in sa farar safar hannu,
in riƙe kwalba ta gindi, kada zafin tafina ya taɓa ta.
Daren nan a Wikki baƙi goma sha ɗaya ne,
kowa da kofuna bakwai a gabansa,
dogayen wuya, kamar balbelu sun jeru a bakin gulbi.

Ni aikina zubawa.
Ban taɓa sha ba, ba kuma zan sha ba,
amma hanci ba ya neman izini.

Sai Iliya kuku ya fito da ita a faranti,
an kife ta da gilashi kamar kayan gado.
Baƙa ce, duk ƙuraje, ba ta fi ƙwan zabo ba.
Da a hanya na gan ta, da na ce jaki ya wuce.
Turaful, in ji shi:
naman kaza ne da ya ƙi fitowa duniya,
yana kwance a saiwar itace sai kare ya shinshino shi.
Jirgi biyu ta hau kafin ta ga Bauchi.
Ya raɗa mini kuɗinta, na lissafa da yatsu a bayana:
albashin wata huɗu, har da goron Sallah.

Ya aske ta a kan taliya a hankali,
kamar wanzami a kan jariri ranar suna.
Ƙamshi ya taso: ƙasa bayan ruwan farko,
da tafarnuwa,
da wata daddawa mai kunyar a gane ta.

Wani mai jan wuya ya juya jar giya a kofi,
ya tsoma hanci, ya rufe ido,
ya ce yana jin tsohuwar fata da jiƙaƙƙen dutse.
Wata ta ce shekarar da aka tsinki inabin nan fari aka yi.
Suka kurkure baki, suka tofar a bokitin azurfa,
suka rubuta, suka tafa.

Dariya ta zo mini har maƙoshi,
sai na tuna Goggo Tabawa a Duguri.

Haka take rufe ido.
Ta lakato zuma da ɗan yatsa, ta yi shiru,
ta ce, wannan ƙudan furen ɗorawa suka ci,
wancan kaɗanya, kuma mai amyar ya cika hayaƙi.
In na kawo ruwa, kurɓi ɗaya:
ɗan nan, ka yi ƙiwa,
wannan ba rijiyar gidan Barde ba ce.
Da damina, in tsawa ta kwana tana faɗa,
da asuba ta ja mu gindin suri,
ba kare, ba jirgi, hancinta kawai,
mu dawo da naman kaza cike da ƙwarya.
Ba wanda ya taɓa tafa mata.
Miya dai ta yi daɗi, aka suɗe, aka tashi.

Sha biyu ta gota, baƙi suka watse.
Birai na rigima a kan kwano,
ruwan Wikki yana ta tururinsa shi kaɗai.
Iliya ya miƙo mini ɓarɓashi a bakin wuƙa,
bai kai farce ba.
Ci, ya ce, wannan dai halal ne.

Na ɗora a harshe. Na rufe ido yadda take yi.

Me ka ji?

Na ce, garinsu da sanyi,
ƙasarsu baƙa ce, ganye ya ruɓe a kanta,
kuma wanda ya tono ta bai ci ba.

Ya yi dariya har ya dafa murhu.
Na cire safar hannu, na naɗe hannun riga.
Kofuna saba'in da bakwai na jirana a baho.